Na iya hailaif, amma bulus da jaz sun ƙi zama a hannuna. Ta ina zan faro?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi ne ya yi tambayar. Ya ce shekararsa biyu yana kaɗa jita, ya iya kod-kod na hailaif (kod shi ne sautuka da ake kaɗawa tare), ya kuma haddace sikel ɗin nan, wato jerin sautuka, mai sauti biyar da ake cewa shi ne na bulus (blues, kiɗan baƙaƙen Amurka). Amma da zarar ya ce zai yi bulus, sai ya ji kamar tsani kawai yake hawa yana sauka. Jaz kuwa, ɗan'uwan bulus, yawan kod ɗinsa ya ba shi tsoro. Lokacin da yake samu bai wuce minti 40 a rana ba bayan ya tashi daga aiki, kuma har yau jitarsa tana cin yatsunsa.

Ɗan'uwa, ba ƙarin sikel kake buƙata ba. Abin da ya rage maka shi ne kunnenka ya san inda kake a cikin zagayen waƙa, yatsanka kuma ya san sautin da zai sauka a kai duk lokacin da kod ya canza. Bulus ɗaya tak, a ki ɗaya (ki shi ne sautin da aka gina waƙa a kansa), ya isa ya koya maka wannan, kuma ta nan ɗin ce ƙofar jaz take. Amma bari mu fara da jitar, don wanda ya shekara biyu yana kaɗawa bai kamata a ce har yanzu yatsu na yi masa zafi ba. Kanta tana fitowa a bakin yatsa cikin makonni kaɗan. In zafin ya wuce haka, ko dai tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jita, ko kuma kana danna su fiye da kima.

Auna tazarar da ke tsakanin saman firet na 12 da ƙasan tsirkiya (firet su ne ƙarafan da ke gitta wuyan jita, daga wajen kanta ake fara ƙirga su). A jitar lantarki, kamar milimita 2 a babbar tsirkiya da 1.6 a ƙarama ya yi daidai. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, kamar 2.5 da 2. In ka ga milimita 4, laifin ba na hannunka ba ne. Daga nan ka duba lanƙwasar wuyan: danne babbar tsirkiya a firet na 1 da kuma wajen firet na 14, ka leƙa tazarar da ta rage a firet na 7. Ya kamata ta zama siririya, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Ɗan ƙarfen nan mai falle-falle da makanikai ke auna bakin filogi da shi, wanda ba za ka rasa ba a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, shi ne ya fi dacewa da wannan awo. In tazarar ta yi yawa, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa da alanki. Kwatan juyi kawai ake yi, a sake saita tsirkiya, a bar ta ta kwana, sannan a sake aunawa. In ka ji sandar ta cije, kada ka tilasta mata. Karyewarta ta fi kowane gyara tsada, gara ka kai wa mai gyara. Ka kuma tuna cewa katako yana bin yanayi. Da damina yana shan laima ya kumbura, tsirkiyoyi su ɗaga. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana bushewa ya tsuke, sai ka ji zizar tsirkiya a kan firet, gefen firet ɗin ma ya fara kartar tafin hannu. Soso mai ɗan damshi a cikin kwanon sabulu mai huji, a ajiye cikin jakar jita, yana rage wannan. Game da kaurin tsirkiya, in ta lantarki ce sa mai lamba 9 ko 10. In ta katako ce sauko zuwa 11 ko 10, don da lamba 12 tura tsirkiya sai wanda hannunsa ya ƙosa. Jitar da aka ƙera don tsirkiyar roba kuwa kada ka kuskura ka sa mata ta ƙarfe, za ta ɓalle gindinta.

Gwajin danna kuma mai sauƙi ne. Ɗora yatsa a kan tsirkiya dab da bayan firet, ba a tsakiyar fili ba, ka yi ta kaɗawa kana ƙara nauyi a hankali har sautin ya fito tas. Nauyin da ya fito da shi, shi ke nan abin da ake buƙata. Yawancin masu koyo suna ninka shi sau biyu ko uku, shi ya sa hannu ke sandarewa, sautin kuma ya riƙa haurawa sama da saiti. Zafin bakin yatsa ba komai ba ne, amma in ka ji suka a wuyan hannu ko yatsu suna mutuwa, ajiye jitar ka huta.

Yanzu ga abin da ke hannunka wanda ba ka ɗauke shi da daraja ba. Hailaif da bulus a kan kod uku suke tsaye, waɗanda aka gina a kan sauti na ɗaya da na huɗu da na biyar na sikel. Salon nan na kaɗawa da babban yatsa da manuniya, wanda ƙungiyar makaɗa ta Kumasi Trio ta naɗa a faifai a Landan tun 1928, wanda kuma makaɗin jita Koo Nimo ya riƙe shi a nan Kumasi, yana raba hannun dama gida biyu: babban yatsa na riƙe ƙasa, manuniya na waƙa. Makaɗan bulus na karkarar Amurka haka suke yi. Jaz ma ba baƙo ba ne a nan Ghana. A 1956 shahararren mai busar jaz na Amurka Louis Armstrong ya zo Accra har ya yi wasa tare da gwanin hailaif E.T. Mensah. Saboda haka kada ka zubar da hannunka na hailaif. Inda aka bambanta shi ne tafiyar kiɗan da kuma yadda ake zama a kan kod.

Zagayen bulus ɗaki 12 ne, abin da 'yan band ke kira "bar" da Turanci, kowane ɗaki bugu huɗu. Da haruffa ake kiran sautuka da kod-kod, kuma a ki na A haka yake: A7 ɗaki huɗu, D7 biyu, A7 biyu, E7 ɗaya, D7 ɗaya, A7 ɗaya, E7 ɗaya, sai a koma farko. Bugu 48 ke nan, wato in ka sa metronom na waya, manhajar da ke ƙyasta bugu, a kan 60 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 48 ne cif. Mai hailaif ya saba da zagaye gajere mai dawowa da wuri, don haka matsalarsa ta farko ita ce ɗakuna huɗun farko: yana ƙosawa, ya tsallaka D7 tun a ɗaki na uku ko na huɗu. Maganinsa ƙirga da baki. Ka ce ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, uku-biyu-uku-huɗu, har 12, da murya a fili, ba a zuci ba.

Tafiyar kuma ba a raba bugu gida biyu daidai. Gida uku ake raba shi, a kaɗa na farko da na uku, a bar na tsakiya, sai ya fito dogo-gajere, dogo-gajere, kamar ɗingishi. Kunnen da ya tashi yana jin kiɗan adowa a wurin jana'izar Asante ya san rabon uku sarai, don haka ba zai ba ka wahala ba. Kaɗa tsirkiya ta 5 ba a danne ba (ƙaramar tsirkiya ita ce ta 1, babbar ta 6) tare da ta 4 a firet na 2, sau biyu, sannan ta 4 ɗin a firet na 4, sau biyu, ka yi ta maimaitawa. Wannan A ke nan. Ka sauko da fasalin tsirkiya ɗaya ƙasa ya zama D, ka hau da shi tsirkiya ɗaya sama ya zama E. Gefen tafin hannunka na dama ya ɗan kwanta a kan tsirkiyoyin dab da gindinsu don sautin ya yi kauri ya gajarta. In tafin ya matso gaba da yawa sautin zai mutu gaba ɗaya, in ya ja baya da yawa zai yi ta ƙugi. Ka yi mako biyu a kan wannan kaɗai, ka naɗi zagaye goma a waya. Wannan naɗin shi ne abokin atisayenka daga yanzu.

Ga wurin da nake so ka daɗe. Kowane kod mai lamba 7 sauti huɗu ne, amma biyu ne ke ba shi kamanninsa: na uku da na bakwai, in an ƙirga daga tushensa, wato sautin da kod ɗin ya ci sunansa. Sa manuniya a tsirkiya ta 4 firet na 5, yatsan tsakiya a tsirkiya ta 3 firet na 6. G da C# ke nan, su ne zuciyar A7. Kada ka ɗaga yatsun, ja su baya firet ɗaya, zuwa 4 da 5. Sun zama F# da C, zuciyar D7. Koma inda ka faro ka tura su gaba firet ɗaya, zuwa 6 da 7: G# da D, zuciyar E7. Bulus gaba ɗayansa yana cikin firet huɗu da yatsu biyu. Kaɗa waɗannan kawai a kan naɗinka, sau ɗaya a farkon kowane ɗaki, za ka ji canjin kod yana fitowa ƙarara ko da babu komai a ƙasa.

Wannan ne ya bayyana dalilin da kiɗanka ke jin kamar tsani. Sikel ɗin da ka haddace a firet na 5 yana da A, C, D, E, G. Babu C# a ciki, babu F#, babu G#. Wato sautin da ke nuna kowane kod daga cikin ukun ba ya cikinsa. Shi ya sa ko kod ya canza ko bai canza ba, abin da kake kaɗawa iri ɗaya ne, mai sauraro ba ya jin tafiya. Ba a jefar da sikel ɗin ba, ƙara masa waɗannan uku ake yi a lokacinsu. A kan A7, ɗora manuniya a tsirkiya ta 3 firet na 5, ka buga yatsan tsakiya a firet na 6 ba tare da sake kaɗawa ba. Wannan shigar daga C zuwa C# ita ce muryar bulus da kowa ya sani. Da an shiga ɗaki na biyar, C# ta zama haramun, don tana karo da C ɗin da ke cikin D7. Tsaya a firet na 5, ko ka sauka a kan F# a tsirkiya ta 2 firet na 7. A ɗaki na tara nemi G# a tsirkiya ta 2 firet na 9, ko ta 1 firet na 4. Atisayen shi ne ka kaɗa duk abin da ka ga dama a tsakani, amma bugun farko na ɗaki na 1, na 5, na 7, na 9 da na 10 dole ya same ka a kan sautin kod ɗin. Da farko za ka riƙa isa a makare. Rage gudun zuwa 50 har sai kana ganin canjin tun yana nesa.

Sai maganar numfashi. Waƙar bulus ɗango uku ce: a faɗi magana, a maimaita ta, sannan a ba ta amsa, kuma mawaƙi kan cika kusan ɗaki biyu ya bar biyu don jita ta amsa masa. Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya san makaɗi da 'yan amshinsa. Ka yi wa kanka doka: ɗaki biyu kiɗa, ɗaki biyu shiru. Jimlar da ka yi a ɗaki na 1 ita za ka maimaita a na 5, ka gyara sauti ɗaya kawai don ta dace da D7, sannan a na 9 ka kawo sabuwa. Kuma kafin ka kaɗa jimla, rera ta da baki. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, yatsu ne suka yi shi da kansu, ba kai ba, kuma mai sauraro yana gane bambancin. A ganina wannan doka ta shiru ta fi kowane darasi wahalar bi, don mai koyo yana jin kunyar barin fili, amma in ka saurari B.B. King, gwanin jitar bulus, da kyau za ka ga yawan abin da yake bari bai kaɗa ba.

Tura tsirkiya kuma kamar matse kalangu ne a hammata: murya ake nema, kuma tana da inda za ta tsaya. Kaɗa tsirkiya ta 2 a firet na 5, ka riƙe sautin a kunne. Sannan sa yatsan zobe a tsirkiya ta 3 firet na 7, na tsakiya da manuniya a bayansa a kan tsirkiyar suna taya shi, babban yatsa ya leƙo ta saman wuyan jita. Tura sama har sautin ya yi daidai da wanda ka riƙe. Ƙarfin daga juyin wuyan hannu yake fitowa, kamar mai murɗa mabuɗi, ba daga miƙe yatsa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa ƙasa da wurin kaɗan, kuma babu abin da ke tona asirin ɗan koyo kamar wannan. Buɗe manhajar saita tsirkiya a waya ka ga ko allurar ta kai E. Kuskure na biyu shi ne ƙarar sauran tsirkiyoyi idan ka saki. Tafin dama ne ke toshe na sama, cikin manuniyar hagu ya toshe na ƙasa. Karkarwar sauti kuwa tura ce ƙarama da ake maimaitawa, kuma dole kowane zuwa ya dawo daidai inda ya tashi. Fara da biyu a kowane bugu, sannan uku.

Jaz yanzu ya zo kusa. Waɗancan yatsu biyun, ƙara musu tushe a ƙasa: A7 da tsirkiya ta 6 firet na 5, D7 da ta 5 firet na 5, E7 da ta 5 firet na 7. Tsirkiyar da ba a so, gefen yatsa ya taɓa ta ta yi shiru. Sauti uku sun isa kod, kuma a band sun fi manyan kod masu cika tsirkiya shida, don ba sa shiga hurumin mai piyano da mai bes, wato babbar jita mai kaurin murya. Makaɗin jita Freddie Green ya shafe kusan shekara 50 a ƙungiyar jaz ta Count Basie yana kaɗa irin waɗannan ƙananan kod, huɗu a kowane ɗaki. Yi kamarsa: kaɗa ƙasa sau huɗu, ka sassauta yatsun hagu bayan kowane bugu don sautin ya yanke, na biyu da na huɗu su ɗan fi nauyi.

Jerin da ya cika jaz shi ne kod na biyu, na biyar, na ɗaya. A ki na A, Bm7 ne, E7, sai Amaj7. Bm7 firet na 7 ne a tsirkiya ta 6, ta 4 da ta 3. Don zuwa E7, ta 4 ta sauko zuwa 6, ta 3 ta zauna, tushe ya koma tsirkiya ta 5. Don zuwa Amaj7, ta 3 ta sauko zuwa 6, ta 4 ta zauna, tushe ya koma tsirkiya ta 6 firet na 5. Lura da kyau: a kowane canji sauti ɗaya ne ke zamewa firet ɗaya, ɗayan yana nan. Wannan zamiyar ita kunne ke bi, kuma ita ce za ka nema idan ka fara kaɗa jimloli a kai. Yanzu mayar da su cikin bulus ɗinka ɗaya bayan ɗaya, mako guda ga kowane canji. Sa D7 a ɗaki na 2. Sa Bm7 a na 9, E7 a na 10. Sa F#7 a na 8, wato tsirkiya ta 5 firet na 9, ta 4 firet na 8, ta 3 firet na 9. Daga ƙarshe raba ɗakuna biyun ƙarshe, bugu bibbiyu: A7, F#7, Bm7, E7. Ka isa bulus irin na 'yan jaz ba tare da ka bar unguwar firet na 4 zuwa 9 ba. Tura komai gaba firet ɗaya ya zama Bb, wanda shi da F ne masu busa suka fi kira.

A jimla kuwa, abu ɗaya ya ishe ka na wata uku: kafin ka sauka a kan sautin kod, taɓa firet ɗin da ke ƙasansa, wato firet ɗaya baya, a gajeren bugun ƙarshe. In ya zauna, ƙara na sama: sama, ƙasa, sannan shi. Baƙon sauti ba laifi ba ne muddin a bugu mara nauyi ya faɗo kuma ya wuce gida nan take. In ba ka son tsinken kaɗawa, ba dole ba ne. Wes Montgomery, gwanin jitar jaz, da babban yatsa ya yi duk kiɗansa.

Minti 40 ɗinka sun isa in kullum ne, sun ma fi awa biyar na ranar Lahadi kaɗai, don hannu a kan maimaici da barci yake koyo. Ba ka buƙatar amfilifaya. Jitar lantarki ba a jone ba tana jiyuwa a ɗaki, ba ta damun maƙwabta a gidan haya, ɗaukewar wuta ma ba ta hana ta. Minti biyar na farko saiti da tura tsirkiya a hankali. Goma na kod da metronom. Idan tafiyar ta zauna, sa shi a 50 ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin bugu na 2 da na 4, kai ne za ka samar da na 1 da na 3. Kwanakin farko zai riƙa juye maka, ka tsaya ka sake ƙirgawa. Goma sha biyar na kwaikwayo da kunne: zaɓi jimla ɗaya da ba ta wuce daƙiƙa uku ba daga makaɗin da kake so, rage gudunta a YouTube, rera ta, nemo ta a jita, sannan ka tambayi kanka a kan wane kod aka yi ta kuma a wane sautinsa ta tsaya. In ba ka yi wannan tambayar ba, jimlar za ta zauna a waƙarta ta asali ba za ta bi ka wani wuri ba. Goman ƙarshe ka kaɗa a kan naɗinka, ka cusa jimlar a kowane zagaye. Wurin da kake tuntuɓe kuma kada ka riƙa komawa farkon waƙa saboda shi. Ware bugu biyu kafinsa da biyu bayansa, ka yi su sau biyar a jere ba kuskure, sannan ka ƙara gudu da huɗu ko biyar kawai. In ka maimaita kuskure sau ashirin, kuskuren ka koya.

Kowace Juma'a naɗi kanka zagaye uku, kada ka saurara sai washegari. Abu biyu za ka duba: shin kana riga metronom, musamman a ɗaki na 9 da na 10 inda kowa ke gaggawa, kuma shin in an cire kod ɗin ƙasa za a iya gane inda aka canza daga jimlolinka kaɗai. Goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle bayan kowane zama, har ƙasansu, don gumi da laimar Kumasi suna sa su tsatsa da wuri, tsohuwar tsirkiya kuma ba ta riƙe saiti, sai ka zargi kunnenka a banza.

Da ka iya riƙe zagaye goma ba ka ɓata ba, nemi mutum ɗaya, mai bes ko wani mai jita, ku riƙa karɓa-karɓa: kai kod shi jimla zagaye biyu, sannan ku musanya. A nan za ka ɓata, kowa yana ɓata. In ya faru kada ka tsaya kuma kada ka yi ta lalube da ƙarfi. Toshe tsirkiyoyin da hannun hagu, hannun dama ya ci gaba da tafiyar a kan tsirkiya a toshe, ka kasa kunne ga mai bes. Wuri mafi sauƙin ganewa shi ne hawan da ake yi zuwa D7 a ɗaki na 5. Da ka ji shi, ka san saura ɗaki biyu a dawo A7, sai ka shiga a na 7.